Burga a Gaban Mutum Uku: Lissafin Yiwuwa a Kartar Foka

A watan Yuli na shekarar 2019, mujallar kimiyya ta ƙasar Amurka mai suna Science ta buga sakamakon wani bincike wanda ya ja hankalin masana lissafi da na kwamfuta. Wasu masana biyu, Noam Brown da Tuomas Sandholm, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Carnegie Mellon da sashen bincike na kamfanin Facebook, sun ƙera manhajar kwamfuta mai suna Pluribus, wadda ta kara da ƙwararrun 'yan karta biyar a teburi ɗaya, aka yi rabo 10,000 cikin kwana 12, ta tashi da rinjaye. Irin kartar da aka buga ita ce wadda Turawa ke kira foka.

Mai karatu yana iya tambayar abin mamaki a cikin wannan labari. Ai tun shekarar 1997 kwamfutar Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan ces, watau darar Turawa. A ita kanta fokar ma, cikin watan Janairu na 2017 waɗannan masana biyu sun fito da manhajar Libratus, wadda ta doke ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh bayan rabo 120,000 cikin kwana 20. Bambancin kawai shi ne Libratus da mutum ɗaya take karawa a kowane rabo, ita kuwa Pluribus da mutum biyar. To, don an ƙara kujera huɗu a bakin teburi, shi ne har babbar mujalla za ta ba abin muhimmanci?

Amsar ita ce ƙarin kujerun nan yana sauya lissafin tun daga tushe. Dabarar da ke kawo riba a gaban mutum ɗaya takan koma hasara a gaban mutum uku, ba tare da katin da ke hannu ya canza ba. Dalilin haka wata ƙa'ida ce da ke cikin littafin lissafin kowace babbar sakandare, amma ɗalibai da yawa suna haddace ta su ci jarrabawa ba tare da ta taɓa ratsa tunaninsu ba.

Wajibi ne a faɗi wata magana tun da wuri. Foka da kuɗi caca ce, addinin Musulunci kuwa ya haramta caca, kamar yadda yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Ba a kawo bayaninta nan domin wani ya koya ya je ya zuba kuɗinsa ba. Ra'ayin da ake karewa shi ne, malamin lissafi da ya kauce wa wannan misali gaba ɗaya ya bar makami mai kaifi a ƙasa, domin lissafin da ke bayyana wasan shi ne kuma yake tona asirin caca.

Yadda wasan yake

Ƙunshin karta yana da kati 52, iri huɗu, kowane iri kati 13. A nau'in foka da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira Teksas Holdem, ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a ɓoye. Daga nan sai a shimfiɗa kati biyar a tsakiya a fili, a mataki uku: uku da farko, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Kowa yana haɗa katunansa na ɓoye da na tsakiya ya fitar da biyar mafi kyau. Kati biyu masu lamba ɗaya, a kira su tagwaye, sun fi hannun da ba kome. Uku masu lamba ɗaya sun fi tagwaye. Biyar 'yan iri ɗaya kuwa sun fi waɗannan duka. A kowane mataki ɗan wasa yana iya zuba kuɗi a tsakiya, wanda ke biye da shi kuma ko dai ya amsa da daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya janye ya bar abin da ya riga ya sa. Tulin kuɗin tsakiya na wanda ya fi hannu mai kyau ne a ƙarshe, ko na wanda kowa ya janye ya bar masa.

A dara kome a fili yake, kowa yana ganin 'ya'yan abokin wasansa. A karta kuwa akwai abin da ke ɓoye, saboda haka dole a yanke shawara bisa ƙiyasi. Wannan ne ya sa masana lissafi suka daɗe suna sha'awarta.

Hannu mafi kyau, a tsakiyar jama'a

Hanyoyin da za a iya ba mutum kati biyu daga cikin 52 su ne 52 sau 51 a raba biyu, watau 1,326. Mafi daraja a cikinsu shi ne a sami as biyu, as kuwa shi ne kati mafi girma. Tun da as huɗu ne a ƙunshi, hanyoyi 6 ne kacal ke ba da wannan hannu, watau sau ɗaya cikin rabo 221.

Lissafin kwamfuta ya nuna cewa idan mai as biyu ya kara da mutum ɗaya wanda aka ba kowane irin kati, aka kuma shimfiɗa katunan tsakiya duka, zai ci kimanin kashi 85 cikin 100. Da mutum biyu, kashi 73. Da uku, kashi 64. Da biyar, kashi 49, watau ya riga ya faɗo ƙasa da rabi. Da mutum tara, kashi 31 kawai. Hannun da babu kamarsa a wasan ke nan, amma a teburin mutum goma ya fi shan kaye fiye da ci, kusan sau bakwai cikin goma. Dalili a bayyane yake: bai ishe shi ya fi wannan ko wancan ba, sai ya fi kowa da kowa a lokaci guda.

A nan ne mai gaggawa zai yanke hukuncin cewa gara mai as biyu ya kara da mutum ɗaya. Sai dai a yi lissafin kuɗin tukuna. A ɗauka kowa ya zuba dala 100. Da abokin karawa ɗaya, tulin dala 200 ne. Kashi 85 cikin 100 na 200 shi ne 170, a cire 100 da ya zuba, matsakaiciyar ribarsa dala 70. Da mutum biyar, tulin 600 ne; kashi 49 cikin 100 nasa 294, ribar ta zama 194. Da mutum tara, tulin 1,000 ne, rabonsa 310, riba 210. Watau a inda ya fi yawan faɗuwa, a nan matsakaiciyar ribarsa ta ninka sau uku. Yawan cin nasara daban, darajar shawara daban. Masana suna kiran wannan adadi na biyu sakamakon da ake sa rai, kuma shi ne ma'aunin da kamfanin inshora ke amfani da shi wajen yanke kuɗin da zai karɓa. Zuciyar ɗan Adam ba ta son wannan ma'auni. Ta fi riƙe zafin faɗuwa bakwai fiye da girman ci uku.

Abin da ke faruwa da burga

Burga ita ce zuba kuɗi da hannu maras kyau domin abokan wasa su tsorata su janye. Ita ce abin da fina-finai suka fi nunawa game da foka, har mutane suka ɗauka wasan na masu ƙarfin hali ne da iya ɗaure fuska. Gaskiyar magana, burga lissafi ce, kuma ɗalibin aji biyar zai iya yin sa a bayan littafinsa.

A ɗauka akwai dala 100 a tsakiya, an shimfiɗa katuna ukun farko, wani ɗan wasa bai sami kome ba, amma ya zuba dala 50. Idan kowa ya janye ya ci 100. Idan wani ya amsa ya yi hasarar 50. Domin ya tashi babu ci babu hasara, dole burgar ta yi aiki sau ɗaya cikin uku, saboda ci ɗaya na 100 yana biyan faɗuwa biyu na 50.

Sau nawa abokin karawa zai janye? Mutumin da ke riƙe da kati biyu masu lamba daban-daban, yiwuwar katuna ukun tsakiya su ƙi ba shi tagwaye ita ce 44/50 sau 43/49 sau 42/48, wanda ya kama kusan kashi 68 cikin 100, a ce biyu bisa uku domin sauƙi. A ɗauka duk wanda bai samu ba janyewa zai yi. A gaban mutum ɗaya, burgar za ta ci sau 2 cikin 3, ninki biyu na abin da ake bukata, matsakaiciyar riba dala 50. A gaban mutum biyu, dole na farko ya janye, na biyu ma ya janye: 2/3 sau 2/3, watau 4/9, ribar ta sauko kusan dala 17. A gaban mutum uku, 8/27. Abin da ake bukata kuwa, ɗaya bisa uku, shi ne 9/27. Da ɗan wannan giɓi na 1/27 burgar ta koma hasarar kusan dala 6. A gaban mutum huɗu, 16/81, hasarar ta haura dala 20.

Babu abin da ya canza a hannun mai burgar, ko a kuɗin da ya zuba, ko a halin kowane abokin wasa. Kowannensu har yanzu ya fi kusa da janyewa fiye da tsayawa, kuma wannan ne ke yaudarar ido. Mai burga yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana ganin kowa mai rauni ne, ya manta cewa idan sharuɗɗa da yawa ne dole su cika tare, ninka yiwuwarsu ake yi, kuma duk adadin da bai kai ɗaya ba raguwa yake yi idan aka ninka shi da irinsa. (Malami mai lura zai ce katunan da ke hannun wani suna ɗan shafar abin da zai iya kasancewa a hannun wani, saboda haka ninkawar ƙiyasi ce. Haka ne, amma bambancin kaɗan ne, bai sauya hukuncin ba.)

A juya lissafin ta ɓangaren waɗanda ake yi wa burgar. Idan mutum ɗaya ne, nauyin hana burga cin banza a kansa yake shi kaɗai: kada ya janye fiye da sau ɗaya cikin uku, watau dole ya tsaya da kashi 67 cikin 100 na hannayen da zai iya samu, har da masu rauni. Idan su uku ne, sun raba nauyin. Abin nema shi ne adadin da idan aka ninka shi da kansa sau uku zai ba da ɗaya bisa uku, shi ne kimanin 0.69. Ma'ana kowannensu yana iya janyewa kashi 69 cikin 100, ya tsaya da kashi 31 mafi kyau kawai. Saboda haka wanda ya amsa zubi a tulin mutum huɗu, hannunsa ya fi ƙarfin na wanda ya amsa a tulin mutum biyu nesa ba kusa ba. Daga nan ne shawarwarin da ƙwararru suka daɗe suna bayarwa suka fito: a tulin jama'a a rage burga, a rage yawan zubi da girmansa, kuma tagwaye masu kyau waɗanda za a iya dogara da su a gaban mutum ɗaya, a yi taka-tsantsan da su idan aka ga mutum biyu sun ƙi janyewa.

Akwai kuma hannun da yawan jama'a ke ƙara wa daraja. A ɗauka ɗan wasa yana da kati huɗu 'yan iri ɗaya, yana jiran na biyar. Saura 9 na wannan iri cikin kati 47 da bai gani ba, yiwuwar kati na gaba ya cika masa ita ce 9/47, kimanin kashi 19 cikin 100. Tulin dala 100 ne, wani ya zuba 50. Idan su biyu ne, zai sa 50 a tulin da zai zama 200, yana bukatar kashi 25, bai kai ba. Idan wasu mutum biyu sun riga shi amsawa, tulin zai zama 300, abin da yake bukata ya sauko kusan kashi 17, amsawa ta zama daidai. Sai dai akwai tarko: yawan mutanen da ya kyautata farashin shi ne kuma ya ƙara yiwuwar wani yana jiran irin katin nan da lamba mafi girma. Wanda ya cika hannunsa ya zo na biyu ya fi kowa hasara, domin shi ne ba zai yarda ya janye ba. A tulin jama'a, hannun da ke iya zama na ɗaya ake nema, ba wanda ke iya zama mai kyau kawai ba.

Inda tabbacin masana ya tsaya

Duk abin da ya gabata lissafin sakandare ne. Abin da ya sa aikin Pluribus ya zama labari ya fi haka zurfi.

A shekarar 1928 John von Neumann, masanin lissafi haifaffen ƙasar Hangari, ya tabbatar da cewa a wasan mutum biyu wanda cin ɗaya shi ne hasarar ɗayan, akwai dabarar da ke ba mai bin ta tabbacin wani matsakaicin sakamako, ko mene ne abokin karawarsa ya yi. A littafin da ya rubuta tare da Oskar Morgenstern a 1944, wanda ya kafa ilimin nazarin dabarun wasa, ya yi amfani da wata sauƙaƙƙiyar foka ya nuna cewa burga wajibi ce a lissafi, gwargwadon wani ƙayyadadden adadi. A 1950 John Nash ya faɗaɗa nazarin zuwa wasannin mutane da yawa, ya nuna cewa a cikinsu ma akwai matsayin daidaito, inda babu wanda zai ƙaru idan ya sauya dabararsa shi kaɗai. A wannan shekarar kuma shi da Lloyd Shapley suka buga nazari a kan foka ta mutum uku. Nash ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1994.

To amma daidaiton Nash a wasan mutum uku ba ya ɗauke da tabbacin da von Neumann ya samu a na mutum biyu. Ga misalin da za a iya gwadawa a aji ba tare da kati ko ɗaya ba. Yara biyu su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu a lokaci guda. Idan sun yi daidai na farko ya ci, idan sun saɓa na biyu ya ci. Yaron da ke zaɓa bisa jefa kwabo ba za a taɓa rinjayarsa a dogon wasa ba, ko da abokinsa ya fi shi wayo sau dubu. Yanzu a mai da su uku, a ce wanda ya fita daban shi ne ya ci maki ɗaya daga kowanne cikin sauran biyun. Idan kowa yana jefa kwabo, an sami daidaito, babu mai cutuwa. Amma idan biyu suka haɗa baki, wannan kullum ya ɗaga ɗaya, wancan kullum ya ɗaga biyu, na ukun ko me ya ɗaga sai ya yi daidai da ɗayansu, ba zai taɓa fita daban ba, kullum shi ke biya. Dabarar da ta kare shi a gaban mutum ɗaya ba ta amfane shi da kome ba a gaban biyu.

Ba sai an haɗa baki da gangan ba ma. A wasan mutum biyu, duk kuskuren da abokin karawa ya yi, aljihun ɗayan yake shiga. A na mutum uku, kuskuren wani yana iya cutar da mai hannu mafi kyau ya amfani na ukun, kamar idan wani ya amsa zubin da bai kamata ya amsa ba, ya kyautata wa mai jiran kati farashi.

Saboda haka Brown da Sandholm ba su yi da'awar sun warware foka ta mutum shida ba, kamar yadda masanan Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada suka kusan warware wani nau'i na mutum biyu a 2015. Abin da suka yi shi ne barin manhajar ta yi ta wasa da kwafin kanta har kwana 8, tana gyara dabararta bisa nadamar abin da da ta yi da ya fi, aikin da kuɗin hayar kwamfutarsa bai wuce dala 150 ba. Da aka gwada ta da mutane sai ta ci. A wani gwajin na biyu aka zaunar da ƙwararre ɗaya tsakanin kwafinta biyar. Darren Elias da Chris Ferguson suka yi rabo 5,000 kowannensu, nan ma ta rinjaya. Hujjar ƙarfinta gwaji ne, babu wata ƙa'idar lissafi da ta tabbatar ba za a iya kayar da ita ba. Wannan gaskiyar da masu binciken suka faɗa da bakinsu ta cancanci a nuna wa ɗalibai, domin a nan ake ganin iyaka tsakanin abin da aka tabbatar da abin da aka gwada ya yi aiki.

Hujjar masu ƙi, da amsarta

Akwai malamai da iyaye da za su ce ambaton karta a aji ma kuskure ne, domin yaro yana iya jin daɗin lissafin ya ɗauka ya sami sirrin cin caca. Wannan tsoro yana da tushe, ba a raina shi ba. Malamin da ya tsaya a rabin darasi, ya nuna yadda ake lissafa riba ya yi shiru, lallai ya yi ɓarna.

Amma sauran rabin darasin yana nan, kuma shi ne mafi muhimmanci. Duk lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa abin da 'yan wasa suka zuba shi ne abin da suke rabawa. A gidan caca ba haka ba ne: gidan yana cire kasonsa daga kowane tuli, saboda haka jimillar abin da 'yan wasa ke tashi da shi kullum ƙasa take da abin da suka zo da shi. Sannan a dubi girman rinjayen Pluribus kanta. A wasan da kowa ke fara rabo da 10,000, matsakaicin abin da take ci kimanin 5 ne a kowane rabo. Rinjayen ya yi ƙanƙanta a kan hawa da saukar sa'a, har sai da masu binciken suka yi amfani da wata dabarar ƙididdiga ta rage tasirin sa'a kafin su iya cewa nasarar ta gaske ce bayan rabo 10,000. Idan na'urar da ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta mantuwa, iyakar abin da ta samu ke nan, yaron da ya ci sau uku a jere ya ɗauka ya iya, ya kamata ya san cewa rabo uku ba sa tabbatar da kome.

Tarihi ma yana goyon bayan kawo irin wannan misali. Ilimin yiwuwa kansa daga tambayar 'yan caca ya taso: a 1654 Blaise Pascal da Pierre de Fermat na ƙasar Faransa suka yi musayar wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin ya ƙare. Abin da suka gano shi ne yau ake aiki da shi a hasashen yanayi da gwajin magunguna da ilimin gado. Ƙa'idar ninkawar da ta karya burga a gaban mutum uku ita ce ke aiki a kan cutar sikila, watau amosanin jini. Idan miji da mata duka suna da rukunin AS, yiwuwar kowane ɗa ya tsira daga SS uku bisa huɗu ce, adadin da ke kwantar da hankali idan aka dube shi shi kaɗai. Amma yiwuwar 'ya'ya huɗu su tsira dukansu ita ce 81/256, ƙasa da ɗaya bisa uku. Masu shirin aure da ke duban kowace haihuwa ita kaɗai, kuskuren mai burga suke maimaitawa, a wurin da abin da ke kan layi ya fi kuɗi.

Darasin yiwuwa yana cikin manhajar lissafi da ake jarrabawa a kanta a WAEC da NECO, amma galibi da kwabo da ɗan ludo da ƙwallaye masu launi a cikin jaka ake koyar da shi, misalan da ba sa tayar wa kowa hankali, shi ya sa ba sa zama a ƙwaƙwalwa. Ba sai malami ya shigo da karta aji ba. Kwali 52 da aka yanka aka rubuta wa lamba 1 zuwa 13 da alli ko tawada mai launi huɗu sun wadatar, ba kuɗi, ba zubi. A raba wa ɗalibai huɗu biyu-biyu, a shimfiɗa uku, a ƙirga sau nawa dukan ukun da ke fuskantar na farko suka rasa tagwaye, a maimaita sau 50, a kwatanta da 8/27.

Dalili na ƙarshe shi ne ɗaliban nan ba a ɓoye suke daga caca ba. Cacar ƙwallon ƙafa ta shigo cikin wayar salula, kuma nau'inta da ya fi jan matasa shi ne wanda ake haɗa wasanni da yawa a takarda ɗaya, da alkawarin ɗan kuɗi kaɗan zai koma mai yawa idan duka suka faɗa daidai. Wannan burga ce a gaban mutum goma. A ɗauka saurayi masanin ƙwallo ne ƙwarai, yana canka daidai sau 2 cikin 3. Yiwuwar wasanni 10 su zo masa daidai dukansu ita ce 1,024 bisa 59,049, ƙasa da kashi 2 cikin 100. Kason kamfani ma ninkuwa yake yi. A ɗauka, domin misali, kamfanin yana riƙe kashi 5 cikin 100 a farashin kowane wasa. A takardar wasanni 10, abin da ke komawa ga masu zubi shi ne 0.95 ninke da kansa sau 10, kimanin kobo 60 a kowace naira. Idan aka kai wasannin 15, yiwuwar ci ta zama kusan ɗaya cikin 438, abin da ke komawa kuma kobo 46.